Ƙyalle Takwas a Rijiya Ɗaya

Shadda yadi 30 ce ta tayar da ni daga Zariya zuwa Kano. Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki, kuma da bikin autarmu ya matso ni aka ɗora wa nauyin ankon 'yan ɗakinmu. Muka daidaita a kan a sayo farar shadda a rina mana ita shuɗi mai duhu, irin wanda in ka hango daga nesa sai ka ce baƙi ne. Na sayo, na kai wa wani marini da muka shekara fiye da goma muna hulɗa. Da ya dawo mini da ita sai gabana ya faɗi. Shuɗin ya tsaya sama-sama kamar an ɗauraye ta da bula, kuma wanki biyu ta koma ruwan toka. Na faɗa masa maganganu masu zafi a gaban yaransa. Bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Hajiya, yadin ne ya ƙi sha." A ranar ban yarda ba, don a ganina fari fari ne, kuma wanda ya karɓi kuɗin rini shi ke da alhakin launi.

Biki ya wuce amma maganar ta ƙi barin raina. Ƙanina da ya karanci fannin masaƙa a Jami'ar Ahmadu Bello shi ya kawo shawarar. Ya ce, "Yaya, ki yanko fararen yadi iri-iri girmansu ɗaya, mu kai su rijiyar rini ɗaya, hannu ɗaya ya tsoma su, lokaci ɗaya. Duk bambancin da ya fito kin san daga yadin ne." Na buɗe buhun ƙyallayena na zaɓo. Akoko biyu daga yadi guda, ɗaya na dafa shi da sabulu da 'yar kanwa har ruwan ya yi ja, ɗaya na bar shi yadda ya fito daga kanti. Sai alawayyo, da guntun gezna da ya saura daga rigar wani alhaji, da ragowar shaddar bikin, da farin shafi irin mai santsin nan, da ɗan alharini na gaske. Na takwas shi na fi jin nauyin yankawa: farin zanen saƙar hannu ne na kakarmu, wanda ita ta kaɗa zarensa da mazari. Na ɗauki tafin hannu biyu daga gefen da ya riga ya fara zarewa. Kowane ƙyalle na yi masa alama da ɗinkin farin zare a kusurwa, layi ɗaya, layi biyu, har takwas.

Bayan sallar asuba muka shiga mota a Kwangila. Bazara ce, tun da hantsi iska ta fara zafi. Tashar Yari, Kwanar Dangora, sai ga gonakin Kadawa kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe, albarkacin ruwan Tiga. Muka wuce Kura ina kallon hanyar shiga garin, na ce a raina in Allah ya yarda da dawowa zan tsaya. A Unguwa Uku muka sauka, adaidaita sahu ya kai mu Ƙofar Mata.

Kafin ka ga rijiyoyin hancinka ya san ka iso. Wari ne mai tsami, tsakanin jiƙaƙƙiyar toka da ganyen da ya ruɓe, in ka ɗan jima kuma sai ka daina jin sa. A ƙofar shiga an rubuta 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Fili ne shimfiɗe da bakunan rijiyoyi fiye da 100, jere kamar gurabun dara, amma waɗanda ke aiki ba su da yawa. Wasu sun cike da ƙasa da leda, abin da ya sosa mini rai ƙwarai. Masu rai an kife su da murfin kaba mai tsini kamar malfa. Muka yi sallama ga wani dattijo da ke zaune a kan ɗan kututture, ƙafafunsa a ware, rijiya a tsakaninsu. Duk da safar robar da yake sawa, faratansa sun rine, layukan tafin hannunsa shuɗi ne zane-zane. Duk rayuwata ina jin ana cewa masu hannu da shuni, ana nufin masu dukiya. Ranar ce na fara tsayawa na kalli hannun da shunin ya kama da gaske.

Na gaishe shi na ce, "Baba, wani ɗan aiki na kawo, amma ba na kuɗi sosai ba ne." Na zazzage ƙyallayen a tabarma na ba shi labarin. Bai yi mamaki ba. Ya cire safar, ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana murzawa tsakanin babban yatsa da manuni, yana dunƙulewa a tafi ya saki ya ga yadda suka yamutse. Bai tambaye ni sunan ko ɗaya ba. Shafin ya ajiye can gefe. Da ya zo kan shaddar bikin ya daɗe yana murza ta kusa da kunnensa, sannan ya ɗora ta a kan shafin. Ya ce, "'Yata, waɗannan biyun ko kwana suka yi a ciki ba za su sha yadda ake so ba. Shafin nan ba zai sha ko kaɗan ba, shaddar kuma rabinta ne zai sha." Na ce ya taimaka ya tsoma duk da haka, ina so idona ya gani. Ya ce, "To, gani ya kori ji."

Kafin ya fara sai ya tsoma yatsa a bokitin ruwa ya ɗiga a kan akoko biyun nan. A kan wanda na dafa, ɗigon ya nutse nan take ya bar tabo mai faɗi. A kan wanda ban wanke ba kuwa sai ya tsaya cur kamar ƙwayar tsakiya, yana rawa, har dattijon ya karkata ƙyallen ya gangare ƙasa. Yadi ɗaya ne fa, daga hannun mutum ɗaya na saya. Ƙanina ya ce auduga tana fitowa daga gona da wani maiƙo na halitta a jikin zarenta, a masaƙa kuma ana shafa wa zaren tsaye sitati don kada ya tsinke a inji, kuma akoko shi ne yadin da ba a wanke masa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Abin da ruwa bai shiga ba, rini ba zai shiga ba. Dattijon ya jiƙa sauran a ruwa ya matse, wancan akokon kuma na roƙa ya tsoma shi a bushe yadda yake.

Ya ɗage murfin. Saman ruwan kumfa ce shuɗiya mai ƙyallin jan ƙarfe. Da ya kore ta gefe da hannu sai na ga ruwan da ke ƙasa ba shuɗi ba ne, tsanwa-tsanwa ne mai ɗan ruwan ɗorawa. Ya ce abin da ke ciki baba ne, wato ganyen da ake samun shuni daga gare shi, da toka da kanwa, sai katsi, wato laka da ake kwasowa daga gindin tsohuwar rijiya a busar a ƙone ta a mayar. Ana haɗawa a bar shi makonni yana tsima ana motsawa da doguwar sanda, kuma rijiyar da aka kula da ita tana yin watanni ana rini a cikinta. A ƙamshi da launin kumfa yake gane ta nuna. Ya nutsa ƙyallayen gaba ɗaya, yana lailaya su a ƙarƙashin ruwa a hankali don kada ya tayar da kumfa, ya yi kamar minti ɗaya, ya ɗago ya matse ya warware su a iska.

Da suka fito kore ne, koren ɗanyen ganye. Ina tsaye ina kallo, daga gefuna launin ya fara juyawa, yana tafiya zuwa tsakiya, kafin in gama salati sun koma shuɗi. Na san ana faɗin haka, amma jikina sai da ya yi yar. Bayanin da ƙanina ya yi mini a gefen rijiyar shi ne, shuni ba ya narkewa a ruwa. Tsimin nan da kaifin toka su ke sauya shi ya zama mai narkewa, a haka yake kutsawa cikin zare. Da iska ta buge shi sai ya koma yadda yake tun farko, ya maƙale a inda ya shiga, ba ya iya fitowa. Don haka duhun rini ba a daɗewa cikin ruwa yake ba, a yawan tsomawa da shan iska yake. Mai son ruwan sararin samaniya aikin sa'a guda ya ishe shi, mai son baƙi kuwa sai a yi wuni ana tsomawa ana ɗagowa.

Mun yi kusan sa'a uku. Tun a tsomi na huɗu aka fara rabuwa. Geznar ta wuce kowa, kamar tana jiran rinin. Saƙar kakarmu ta yi nauyi, ruwa na zuba daga jikinta, sai an matse ta da ƙarfi. Shafin kuwa yana fitowa da shuɗi a jikinsa, amma da dattijon ya goga yatsa a kai sai fari ya bayyana a wurin. Na so in yanke hukunci tun a lokacin, ya hana ni. Ya ce jiƙaƙƙen yadi maƙaryaci ne, kowane ya fi duhu in yana da ruwa. A bari su bushe, a wanke, su sake bushewa.

A gidan gwaggonmu a Yakasai muka kwana. Da yamma na wanke su da sabulu a bokiti daban-daban, na shanya a igiyar tsakar gida, da safe na jera su a kan farin buhu a inuwa. Gwaggo ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauki na kakarmu tun kafin in ce komai, ta riƙe shi a cinya.

Shafin ya koma kusan fari, ɗan dusu-dusun shuɗi ne kawai kamar an wanke shi tare da sabon wando. Alharinin ya yi shuɗi mai haske da kyau, sai dai laushinsa ya ragu, don kaifin toka yana cin alharini da ulu in sun daɗe a ciki. Alawayyo ya fito tas, launi ɗaya daga gefe zuwa gefe, bai kai gezna duhu ba amma ba shi da aibi. Akokon da na dafa ya sha sosai, ya fi alawayyo cika ido, sai dai shuɗinsa ya ɗan dushe saboda asalin yadin ruwan madara ne ba fari sol ba, kuma rini ba ya goge launin da ya tarar, hawa kansa yake yi. Ɗan'uwansa da ban wanke ba ya zama dabbare-dabbare, nan duhu can haske, kuma shi ya fi kowane zubar da launi a bokiti, don rabin shunin a kan sitatin ya zauna, sitatin ya tafi da shi.

Geznar ta yi duhu mai zurfi, furanninta suka fito fili kamar an rina su da launi biyu, alhali launi ɗaya ne, yadda aka saƙa zaren ne yake juya haske. Na tambayi ƙanina me ya sa ta fi alawayyo, tunda duk auduga ne. Ya ce shadda mai kyau ana bi da zarenta ta cikin soda mai ƙarfi a miƙe, zaren ya kumbura ya zama mulmulalle, ya yi sheƙi, ya kuma buɗe wa rini hanya. Wani Bature mai suna John Mercer ne ya gano tasirin sodar a Ingila a 1844. Shi ya sa marinan Bamako, masu yin galilar da muke rububi, ba sa wasa da zaɓen farar shaddar da za su rina.

Sai shaddar bikin. Ta fito daidai yadda ta fito a Zariya, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Marini daban, gari daban, wancan da galura ya yi, wannan da baba, amma launin toka-tokan nan ne dai. Ƙanina ya zare zare biyu daga gefenta, ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, ya ɗora mini a tafin hannu. Na kwancen shuɗi ne sosai. Na tsayen fari ne fat, yana ƙyalli. Rabin yadin auduga ne rabi roba, ido kuma yana haɗa shuɗi da farin ya ga ruwan toka. Zaren roba ba shi da ƙofar da ruwa zai shiga. A masana'anta da wani rini na daban ake rina shi, a tukunyar matsi, a zafin da ya kai digiri 130 a ma'aunin Celsius, abin da babu marinin da zai iya a rijiya ko a rabin duro. Sannan na lura da abin da ke gabana tun jiya: duk layukan alamar da na ɗinka a kusurwa, a kan kowane ƙyalle, suna nan fari tas. Zaren kekena ma na roba ne. Shekaru nawa ina ɗinki da shi ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma yanzu na gane dalilin da ya sa rigar da aka ɗinka kafin a rina take fitowa da farin layi a kafaɗa.

Na daɗe zaune ban ce komai ba. Fuskar marinin nan nake gani, da yaransa da suka sunkuyar da kai.

Ƙyallen kakarmu shi na bari a ƙarshe. Bai yi sheƙin gezna ba, amma duhunsa na daban ne, mai taushi, kamar sama bayan magariba. Zaren hannu ba ya zuwa daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri, don haka rinin ya bi shi da ratsi-ratsi ƙanana waɗanda sai ka matso kake gani. Ƙanina ya warware zare ɗaya na akoko ya nuna mini cikinsa fari ne, shunin a bayansa kawai ya tsaya saboda inji ya murɗe shi tam. Haka wandon jins yake, shi ya sa yake koɗewa a gwiwa. Da ya warware na kaka sai ga shuɗi ya ratsa kusan har tsakiya, don murɗin mazari sako-sako ne. Gwaggo ta ce shi ya sa zanen da can yake tsufa da launinsa, ya yage bai koɗe ba. Irin wannan saƙar ce rijiyoyin nan suka saba da ita tun asali. Ita Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851, ya ga ana ɗaukar ta a raƙuma har Tambutu da Tarabulus. Rijiyar da auduga tare suka taso. Shunin masana'anta bai shigo kasuwa ba sai 1897 daga kamfanin BASF na Jamus, zaren roba kuwa bayan yaƙin duniya na biyu ya bazu.

Muka koma Ƙofar Mata na nuna wa dattijon. Ya duba ya gyaɗa kai, ya tura wani yaro ya raka mu rumfar mabuga. Mutum biyu ne zaune suna fuskantar juna, gungumen itace mai santsi a tsakaninsu, kowa da ƙaton mabugi a hannu, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, sautin yana tafiya kamar daka. Suka yayyafa wa ƙyallayen ruwa suka ninke suka buga. Geznar ta fito tana ɗaukar ido. Ta kaka ta kwanta luf ta yi santsi. Ko shaddar bikin suka buga mini, ta yi sheƙi, amma bugu ba ya ƙara launin da babu.

Daga nan Kantin Kwari. Wannan karon da ashana a jakata. Duk shagon da na tsaya sai in roƙi a ba ni zare biyu daga bakin yadi, na tsaye da na kwance, in fita waje in ƙona. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, tokarta kuma tana murjewa a yatsa. Roba tana janyewa daga wutar, ta narke, ta dunƙule ta zama baƙin ƙullutu mai tauri. Gaurayen yana yin duka biyun. Ba na zargin 'yan kasuwa a kan wannan, don da yawansu abin da aka rubuta a jikin leda shi suka sani, kuma shaddar gauraye ba ta da laifi ga wanda zai sa ta fara: ba ta yamutsewa, ga sauƙin kuɗi. Wani matashi a wani layi da na yi masa bayani sai ya shiga ciki ya fito da wata daban ya ce, "Hajiya, in rini za ki yi, wannan marina suke saya." Na ƙona zarenta, toka ta murje. Na sayi yadi 10.

A Kura muka yi azahar. Na so in ga rawanin nan ɗan Kura da Buzaye ke zuwa nema tun daga Agadas. Sawayen saƙa ne sirara, faɗin kowane bai fi yatsa ba, a haɗa su da ɗinki, a rina har su yi baƙi, sannan a buga da garin shuni har su riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Na taɓa ɗaya da yatsa biyu, yatsun suka yi shuɗi nan take, kuma mai shi ya ce masu sayensa haka suke so, ya bar musu alama a goshi da kumatu. Na tambaye shi da wane zare suke saƙa shi. Ya dube ni kamar tambayar ba ta da wurin zama ya ce, "Auduga mana, Hajiya."

Mun shiga Zariya bayan isha'i. Washegari da hantsi na ɗauki ƙyallayen takwas da sabuwar shaddar da goro na nufi wurin marinina. Na same shi a bakin duro yana juya wani yadi da sanda, tururin soda na tashi, yaran nan biyu suna shanya. Na gaishe shi, na ce a kira yaran su matso, tunda a gabansu na yi maganar. Na ce, "Malam, na zo neman afuwa. Yadin ne ya ƙi sha." Ya ce babu komai, ya wuce, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Na shimfiɗa masa ƙyallayen a kan benci. Ya goge hannu a gefen riga ya bi su ɗaya-ɗaya, ya tsaya a kan na kaka ya ɗaga shi sama yana kallo a rana, ya tambaye ni ko a gidanmu akwai sauran mai kaɗi. Na ce sai gwaggo, ita ma ta ajiye mazari tun da idonta ya raunana. Sannan ya jawo sabuwar shaddar, ya murza bakinta kusa da kunne, ya ce wa babban yaron ya ɗora ruwa a wanke mata sitati tukuna, ni kuma in dawo ranar Alhamis.